Kafin ka sayi batir ko wayar wuta don daidaita nauyin ƙaramin jirgin ruwanka

Jirgin fayiba da ni da ƙanena muke ajiyewa a Ada Foah, garin da ke bakin kogin Volta a Ghana, mita biyar ne da ɗan ɗori. Duk ranar da muka taso daga unguwar Nima ta Akara muka sa shi a ruwa, damuwarmu ɗaya ce. Da an ba inji wuta sai goshin jirgin ya ɗaga sama, bayansa ya nutse, mai tuƙi ba ya ganin gabansa, fetur kuma yana ƙonewa a banza. Da an rage gudu sai ruwan da ke biye da mu ya tsallako ciki ta baya. Dalilin a fili yake: injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 ya kai kilo 70, tankin lita 25 ya kusa kilo 20, batir biyu na ruwa, irin na mota, masu amfiya 100 kowanne tsakanin kilo 25 zuwa 30, ga kuma mai tuƙi, duk an taru a lungu guda.

Inji ba ya barin mazauninsa, mai riƙe da hannun inji ma haka. Batir ne za a iya matsarwa, kuma a nan ne mutane ke zubar da kuɗi kafin su auna.

Kada ka sayi komai sai ka yi gwajin jarka. Samo jarkokin nan masu ruwan ɗorawa da ake ɗibar ruwa da su a Akara, waɗanda ake kira galan ɗin Kufuor. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarkar lita 25 a cike ta kusa nauyin batir guda. Cire batirin da ba na tayar da inji ba, ka ajiye jarka a tsakiya ka zaga, ka kai ta gaba ka sake zagawa, da yawan mutanen da ka saba ɗauka. Mu da muka yi, mita ɗaya da rabi kawai muka matso da jarkoki biyu, jirgin ya kwanta a kan ruwa yadda ya kamata. Da ba mu gwada ba, da can goshi muka kai su, muka sayi dogayen wayoyin da ba mu buƙata.

Goshin jirgi shi ne wurin da na fi hana mutane. Nan ne dukan igiyar ruwa ya fi tsanani, musamman a bakin da kogin Volta ke shiga teku. Batirin ruwa irin na mota ba ya jure wannan girgiza: farantansa na dalma suna zubewa, ruwansa ya fantsalo ya ci katako da waya. Nauyi mai yawa a gaba kuma yana sa goshi ya riƙa nitso cikin igiya. Ƙarƙashin bencin tsakiya, daidai kan layin tsakiyar jirgi, ya fi.

Batirin ruwa shi ne mai araha, kuma a Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Akara, ba za ka sha wahalar samunsa ba. Amma yana fitar da iskar haidirojin idan yana caji, don haka dole akwatinsa ya sami hanyar shan iska, kuma kada ya haɗa ɗaki da tankin fetur. Batirin AGM a rufe yake, ba ya zuba, ya fi jure girgiza, sai dai nauyinsa bai ragu ba kuma ya fi tsada. Na litiyam, irin LiFePO4, mai amfiya 100 bai fi kilo 12 zuwa 13 ba, har wani zai ce a bar shi a baya kawai a huta da janyo waya. Ga fitilu da famfon kwashe ruwa yana da kyau ƙwarai, in aljihu zai ɗauka. Ga tayar da inji kuwa, ka duba littafin injinka tukuna. Na'urar kariya da ke cikin batirin tana iya yanke wuta farat ɗaya inji na tafiya, hakan kuma yana ƙona abin cajin injin, shi ya sa ake haɗa shi da caja ta musamman a tsakani. Ni AGM na zaɓa na sa a tsakiya, rarar kuɗin na zuba a waya.

Wayar ce ta taɓa kunyata ni. Wutar bolt 12 ba ta son nisa. A ce sitata tana jan amfiya 150, batir kuma yana mita huɗu daga inji, wato mita takwas zuwa da dawowa. Wayar tagulla mai kaurin milimita murabba'i 16 za ta cinye kusan bolt 1.3 a hanya, mai 35 kuwa kusan 0.6. Wannan bambancin ne ke sa ka murɗa makulli ka ji ƙas-ƙas inji bai tashi ba, ka zargi batir alhali lafiyarsa ƙalau. Ka auna zuwa da dawowa, ka bi ta lunguna yadda wayar za ta bi.

Farkon wayar da na saya a wani shago ja ce wur, mai kauri, mai sauƙin kuɗi. Wata uku iskar gishiri ta mayar da bakinta farin gari. Na kai wa wani dattijo mai gyaran wutar mota, ya ciro sili ɗaya ya kankare da wuƙa ya miƙo mini. "Duba nan, ɗana." Na ce, "Baba, ai fari ne a ciki." Alminiyam ne aka shafa wa tagulla a sama, ba ya ɗaukar wuta kamar tagulla kuma ba ya jure gishiri. Wayar jirgin ruwa ta gaskiya akasin haka take: fara a waje saboda kuzar da aka shafa mata, ja a ciki. Ka tafi kasuwa da 'yar wuƙa, ka nemi izinin mai shago ka kankare a gabansa. Ka kuma ɗaga ƙunshin ka ji, ta alminiyam ba ta da nauyi.

Sauran kayan ƙanana ne amma kada a bar su. Fiyus a kan wayar ja, wato mai alamar +, ta fitilu da famfo, kada ya wuce santimita 18 daga kan batir. Makunnin yanke wuta gaba ɗaya kusa da batir, inda hannu zai kai da sauri. Doguwar wayar sitata ta bi cikin tiyo don kada gefen fayiba ya goge robarta. Kawunan waya a matse su da abin matsewa a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, a ɗaure da noti da sifana, a shafa basilin. Akwatin batir kuma a ɗaure shi da bel a jikin jirgi, ka girgiza shi da hannu biyu, in ya motsa ka ƙara ɗaurewa kafin ka tura jirgin cikin ruwa.