Shekara biyu ina jifa da sandar fatsa mai tsada a tekun Legas, ga abin da na gani

Ni ɗan Yawuri ne, a bakin Neja na tashi, baffana basarke ne kuma tun ina ƙarami nake bin shi cikin kwalekwale, don haka kamun kifi ba a Legas na koya ba. Amma fatsar da na sani a gida daban ce, sandar gora ce ko kara mai ƙwari, ka ɗaura zare ka sa tana a ƙugiya ka zauna, in Allah ya kawo tarwaɗa ko ƙarfasa shi kenan. Da aiki ya kawo ni Apapa sai na fara shiga jirgi ranar Asabar ina tsallakawa bakin tekun da ake ce wa Tarkwa Bay, can wajen duwatsun nan da Turawa suka jera tsakanin 1908 zuwa 1912 don kada yashi ya toshe bakin tashar jiragen ruwa, a nan ne na gane cewa teku ba kogi ba ce, kuma kayan da ka ɗauka kana ganin sun isa wallahi wata uku ba sa yi.

Sanda biyu na kashe kafin na sayi wannan. Ta farko a kasuwa na saya, mai araha, irin wadda ake zugewa ta shige cikin juna kamar eriyar rediyo, ba zan faɗi sunan da aka rubuta a jikinta ba don ba shi ne zancen ba. Sati shida kawai zobban da zare ke bi ta ciki suka fara yin kore a gindi, daga nan tsatsa ta fito, wata rana ina jifa sai tangaran ɗin cikin zoben ƙarshe ya fice ya faɗa ruwa. Ta biyu ta ɗan fi ta kuɗi, faiba ce, wato zaren gilashi da aka haɗa da danƙo, ƙarfi kam tana da shi amma nauyi kamar taɓarya, in na yi awa biyu ina jifa kafaɗata sai ta kwana tana zugi. Ita ce ta sa na rasa kifin da har yau nake tunawa. Da sassafe ne ruwa yana cikowa, wani abu ya finciki ƙarfen da na jefa, wato ɗan ƙarfe mai kama da ƙaramin kifi da ƙugiya a jiki wanda ake sawa a madadin tana, sandar ta lanƙwashe, ril, abin naɗe zaren da ke jikin sandar, yana ƙara zare yana fita, ban fi minti biyu ina fama da shi ba sai na ji sakayau, zare ya tsinke. Wani dattijo da ya daɗe yana fatsa a wurin ya ce in miƙo mashi sandar, ya ciro ɗan guntun auduga daga aljihu ya zura cikin zobba ɗaya bayan ɗaya, a na uku audugar ta maƙale ta bar zare-zare. Ya nuna mun wata 'yar tsaga da ido ba ya gani sai ka ƙura, ya ce yaro ba kifi ne ya tsinke maka zare ba, wannan ce. Na ce Baba to meye magani, ya ce ka daina sayen sanda sau uku.

Toh na yi wata bakwai ina tari. Kuɗinta gaskiya ya kai na ragon layya mai kyau, sai da na yi shawara da maiɗakina kafin na saya don ba abin da mutum zai ɓoye wa iyali ba ne. Ta Shimano ce, kamfanin nan na Japan da mutane suka fi sani da kayan keke, a 1921 aka kafa shi a garin Sakai kuma sai 1970 ya shiga harkar kayan kamun kifi. Ƙafa 10 ce, gaɓa biyu, irin wadda aka yi don mai tsayawa a kan dutse yana jefa ƙarfe mai nauyi nesa. Wani abokin aiki ne ya taho mun da ita daga tafiya.

Ranar da na fara ɗaukarta abin da ya fara ba ni mamaki rashin nauyi ne, har sai da na ji tsoro na ce wannan abu zai iya da kifin teku kuwa. Ashe a nan rabin kuɗin yake. Jikin sandar da zaren kabon ake yi, ana jiƙa shi da wani irin danƙo a naɗe a jikin ƙarfe a gasa, to sanda mai araha danƙon ne ya fi yawa kabon ɗin kaɗan, ko a cakuɗa da faiba, shi ya sa take nauyi kuma take lagwai-lagwai. Mai tsada kuma ana amfani da kabon mai tauri sosai, za ka ga ana rubuta tan 24 ko tan 30 ko tan 40, iya girman lambar iya taurin zaren, don haka kaɗan ya isa kuma bangon sandar sai ya yi siriri. Akwai kamfanin Japan mai suna Toray da ya shahara da yin irin wannan kabon har jiragen sama ake ƙerawa da nashi. Bayan haka sai a sake naɗe jikin da wani kabon a karkace ta ɓangare biyu, Shimano suna ce wa nasu Spiral X, Daiwa kuma X45, amfaninsa shi ne sanda ba ta murɗewa lokacin jifa.

Wannan duk bayani ne, abin da hannu ke ji shi ne zance. In na jefa ƙarfe mai giram 60 sandar tana lanƙwasa ta dawo tsaye cak nan take, ba ta tsayawa tana karkarwa kamar tsohuwar, kuma wannan karkarwar ce ke cinye nisa don zare yana dukan zobba yana fita. Da ƙarfi iri ɗaya yanzu ina kaiwa bayan inda igiyar ruwa ke karyewa, wurin da a da sai dai in ga kifi yana kora ƙanana ina kallo. Sannan akwai ji. Wallahi ina jin lokacin da ƙarfen ya taɓa yashi da lokacin da ya taɓa dutse, ba iri ɗaya ba ne a tafin hannu, yashi lub yake dutse kuma ƙwas, kuma da zarar na ji ƙwas sai in ɗaga da sauri kafin ya maƙale. A da duk fita sai na bar ƙarfe biyu ko uku a cikin duwatsun nan, yanzu sai in yi wata ban rasa ko ɗaya ba, kuma duk wanda ke sayen su ya san ba arha suke ba. Na taɓa zama na lissafa abin da na daina zubarwa a ruwa, ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Amma in za a tambaye ni abu ɗaya da ya sa ban yi da-na-sani ba, zobba ne. Mutane suna raina su, suna kallon fenti da sunan kamfani, alhali gishiri ta nan yake fara shiga. Nawa na Fuji ne, cikin su wani tangaran mai taurin gaske da ake ce wa SiC, santsi gare shi kuma yana saurin fitar da zafi. Zafin nan ba wasa ba ne, mu yanzu da saƙaƙƙen zare muke aiki wanda ake ce wa PE, siriri ne ga ƙarfi amma ba ya son zafi ba ya son kaifi, in babban kifi ya kwasa da gudu zaren yana goga zobe da sauri ƙwarai, jiƙe da ruwan gishiri da ƙurar yashi, zobe mai laushi sai ya yi mashi layi a hankali har ya koma wuƙa. Ƙafafun zobban kuma an karkatar da su gaba ta yadda in iska ta naɗa zare a jikinsu sai ya zame da kansa, wanda ya taɓa tsayawa a kan dutse iska na kaɗawa yana warware ƙulli da haƙori kifi na tsalle a gabansa shi ya san darajar wannan. Shekara biyu ke nan, na sa auduga a kowane zobe satin da ya wuce, ba inda ta maƙale, ba kore ba tsatsa. Akwai waɗanda suka fi nawa ma, masu firam ɗin taitaniyom, ba sa tsatsa sam kuma sun fi sauƙin nauyi, amma kuɗinsu ya wuce aljihuna kuma a ganina sai wanda kullum yana cikin ruwa.

Mazaunin ril bai taɓa kwancewa ba, mariƙin soso ne mai tauri ba ya santsi ko hannu ya yi majinar kifi, mahaɗar gaɓa biyun tana shiga daram. Waɗannan ba sai na daɗe a kansu ba.

Kifin da ya gwada ta da gaske barakuda ne, wanda masu kifi a nan ke ce wa kuta, dogo ne ya kusa kai mun ƙirji. Ya ɗauka kusa da dutse kuma nufinsa ya shige ƙarƙashi ya goge zaren, a nan ne na ga abin da ake nufi da ƙarfin gindin sanda, saman ya lanƙwasa yana shanye fizgar kansa amma daga tsakiya zuwa hannu ta ƙi ba da kai, sai na samu na juyo da kansa waje. Hannuna na rawa, Baban nan yana gefe yana cewa kar ka ɗaga sama, kar ka ɗaga sama. Da muka fito da shi na zauna a kan dutsen na daɗe ban ce komai ba. Rabi na kai gida rabi na ba shi.

Kar ka ɗaga saman nan da yake faɗa shi ne abin da ya kamata duk mai shirin saye ya sani, don sanda mai tsada ba ta fi mai araha jure wulaƙanci ba, ta ma fi ta saurin karyewa in ba ka iya ba. Kabon mai tauri kamar gilashi yake, yana ɗaukar nauyi in ya rarrabu a duk jikinsa amma in ka miƙar da sanda tsaye sama kifi yana ƙarƙashin ƙafarka sai nauyin duka ya taru a tsinin, ƙaras. A gabana wani bawan Allah ya karya sabuwa fil ranar da ya fara fita da ita, yana son ɗago kifi daga ruwa da ita kamar ƙugiyar ɗaukar kaya, na ji mashi ciwo sosai don na san yadda ake tara kuɗin nan. Haka in ta bugu da dutse ko ƙofar mota, ƙila ba za ka ga komai ba ranar, sai bayan sati biyu ta karye a daidai wurin. Ni a cikin bututun roba nake ɗaukar tawa in zan shiga jirgi. Wanda ya san shi mai jefar da kaya ne ko yara za su riƙa ɗauka, gara ya nemi mai haɗin faiba da kabon irin Ugly Stik da ake yi tun 1976, an san ta da jure wahala kuma kuɗinta da sauƙi. Wani abu kuma, kabon yana ɗaukar lantarki, in hadari ya taso ana walƙiya ka kwantar da sanda ka bar kan dutse, a damunar Legas wannan ba abin jayayya ba ne.

Kuma ba ta hana wanki. Duk dawowa sai na zuba mata ruwan famfo daga sama har ƙasa, in goge gindin kowane zobe da tsohon buroshin haƙori, in raba gaɓoɓin ta bushe a inuwa. Minti goma ne. Wanda ya ajiye ta da gishiri a but ɗin mota komai tsadarta zai ga sakamako.

Ban ce kowa ya saya ba. In fatsarka a dam ce ko kogi, Tiga ko Kainji ko gulbin garinku, ruwan daɗi ba ya cin ƙarfe haka kuma yawanci ba ka buƙatar jifa mai nisa, sai dai in giwan ruwa kake nema. In kuma sau biyu kake zuwa bakin teku a shekara, matsakaiciya ta ishe ka, ka sa ragowar kuɗin a ril mai kyau da zare, don sanda ta miliyan da ril mai birki yana kakkamawa asarar kifi ce kawai. Sannan a kula da jabu, akwai su da yawa, an buga sunan babban kamfani a jiki amma in ka duba firam ɗin zoben babu tambarin Fuji, ɗaurin zaren gindin zobe a karkace, danƙon ya yi kumfa. In farashin ya faɗi ƙasa da yadda hankali zai ɗauka ka bar ta.

Da babbar sallar bara na tafi da ita Yawuri don baffa ya gani. Ya karɓa ya jijjiga ta a hankali, ya ɗora tsinin a ƙasa ya danna kaɗan yana kallon yadda take lanƙwasa, ya sa farce yana bin cikin zobban. Ya tambayi kuɗin, da na faɗa ya yi shiru, can ya ce ɗana wannan ai kuɗin koma da kwalekwalen haya ne na shekara, na ce haka ne Baffa, amma ruwan can yana cin ƙarfe. Washegari da asuba shi ya tashe ni ya ce mu je ya ga jifan. Ya yi jifa uku, na farko ya faɗi kusa, na uku ya wuce inda yake nufi, kuma sai da rana ta ɗaga sosai ya miƙo mun ita.