Tachi ko katana: wanne za ka ba jarumin wasanka?

Ɗan'uwa, ka ce kana shirin jan ragamar wasan tebur na samurai, wato mayaƙan Japan na dā, irin wanda kowa ke ɗaukar matsayin jarumi ɗaya, ana jefa ƙwayar ludo a ga abin da ya faru. Tambayarka ita ce, tsakanin takubansu biyu, tachi da katana, wanne ya fi, kuma wanne za a ba maki mafi yawa wajen sara. Ni a ganina ka ba su maki daidai. Ƙarfe iri ɗaya ne, ƙira kusan ɗaya, kaifi gefe guda, kowanne tsawon ruwansa ya haura santimita 60. Bambancinsu na zamani ne da yadda ake ɗaukar su, kuma a nan daɗin wasan yake.

Tachi shi ne babba a shekaru. Takobin barde ne, ya fi tsawo da lanƙwasa, ana rataye shi da igiyoyi a ƙugu, kaifi na kallon ƙasa, yana lilo kusan yadda takobin mahayan hawan salla ke yi a jikin hamila. Shi ya yi tashe a zamanin Kamakura, daga 1185 zuwa 1333. Sai dai ka sani, samurai na wancan lokaci maharbi ne a kan doki. Kwari da baka ne abin alfaharinsa, ba ya zare takobi sai kibiyoyi sun ƙare ko an yi gaba da gaba. Idan labarinka ya faɗo lokacin da Mongol suka kawo hari a 1274 da 1281, to tachi ne, kuma ka zuba makin a harbi da hawa.

Katana kuwa cusa shi ake yi cikin ɗamara, kaifi na kallon sama. Wannan ɗan juyi ya sa zarewa da sara suka zama motsi ɗaya. Ya bazu a zamanin Muromachi, wanda ya biyo bayan Kamakura, lokacin da yaƙi ya koma hannun dakaru masu yawa. Ko a nan ma ba shi ne sarkin fage ba: mashi ne, sannan bindiga, wadda Turawan Fotugal suka shigo da ita tsibirin Tanegashima a 1543. Saboda haka mai katana ka ba shi fifikon riga abokin gaba kai hannu a lungu ko cikin ɗaki, mai tachi kuma fifiko a bisa doki. A fili, mai mashi ya riga su duka biyun. Wani abin da zai yi maka amfani a labari: an gajarta tsofaffin tachi da yawa daga wajen mariƙi don a sa su a ɗamara, har sunan maƙerin da ke rubuce a can ya tafi. Ga takobin gado ke nan wanda ba wanda zai iya tabbatar da asalinsa, ka ga rigimar da za ta ci zaman wasa uku.

Inda katana ya yi wa tachi nisa shi ne a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, kuma nan nake so ka fi mai da hankali. Tun a 1588 Toyotomi Hideyoshi, mai riƙe da ragamar mulkin Japan a lokacin, ya sa aka karɓe makamai daga hannun manoma. Daga baya ɗaukar takuba biyu, katana da ƙaramin da ake kira wakizashi, ya zama shaidar cewa mutum samurai ne. Takobi ya koma abin da doka da ladabi suka dabaibaye. In ka shiga gidan mutum ka ajiye dogon, ka riƙe gajeren. In ka zauna ka sa shi a damanka, inda zarewa ke da wuya, alamar da alheri ka zo. Ajiye shi a hagu magana ce ba tare da buɗe baki ba. Kube ya bugi kube a hanya, faɗa na iya tashi. A 1701 Asano Naganori, mai mulkin yankin Ako, ya zare gajeren takobinsa a fadar Edo ya sari wani babban bafade, Kira Yoshinaka. Rauni kawai ya yi masa, amma a ranar aka umarce shi ya kashe kansa, aka ƙwace ƙasarsa, barorinsa suka rasa ubangida. Daga nan labarin ronin 47, wato samurai marasa ubangida da suka ɗaukar masa fansa, ya samo asali.

Ka duba wannan da kyau. Idan 'yan wasanka sun san cewa zare takobi zai jawo bincike, ko zubewar mutuncin gidansu, za ka ga suna jinkiri, suna lallashi, suna sa hannu a mariƙi su fasa. Wannan fargabar ta fi kowane ƙarin maki. Ni da zan zaɓa maka, Edo da katana zan ce, musamman ga sababbin 'yan wasa. Mai son labarin baƙin ciki kuma ya matsa zuwa 1876, shekarar da gwamnatin Sarki Meiji, wadda ta biyo bayan zamanin Edo, ta hana yawo da takobi.

Idan wani zai kawo takobi na gaske wurin wasa don a gani, ina roƙonka a kiyaye. Ba a taɓa ruwansa da yatsa, gumi na sa shi tsatsa. Ana zare shi a hankali, kaifi sama, ba a miƙa wa mutum da tsini na fuskantarsa. A duba ɗan turken gora da ke riƙe ƙarfen cikin mariƙi, don in ya sassauta takobin na iya fita daga hannu. Kwaikwayon faɗa kuwa a bar wa na katako, shi ma a waje, ba a kan tebur ba.