Allurar sankarar bakin mahaifa a asibitin unguwarmu, yadda na ga aikinsu

Iyayen yara mata, asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu nan Kano ya yi ƙoƙari kan allurar rigakafin HPV ɗin nan, wato ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa, amma fa akwai gyara. Kyauta ce, ko sisi ba su karɓa ba, sau ɗaya tak ake yi a damtse shikenan. Tun Oktoban 2023 gwamnati ta shigo da ita don 'yan shekara 9 zuwa 14, kuma Kano na cikin jihohin farko.

Nas ɗin ce ta burge ni wallahi. A gabana ta buɗe kula ta ciro 'yar kwalbar, ta nuna min sunan Gardasil da ranar da za ta lalace, sannan ta ɓare sabon sirinji. Na yi mata maganar da ake ta yaɗawa a WhatsApp wai tana hana haihuwa, ko fuska ba ta ɓata ba, ta ce Hajiya zauna, ta yi min bayanin cewa ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar cutar, tana iya shekaru a jiki shiru kafin ta zama sankara, kuma ko matar da miji ɗaya ta sani duk rayuwarta za ta iya ɗauka, shi ya sa ake so a yi wa yarinya tun kafin aure. Nau'i biyu na ƙwayar cutar, masu lamba 16 da 18, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na ciwon, allurar kuma ta tare su.

Ni ban ga laifin masu ɗari-ɗari ba, wanda ya san gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara marasa lafiya nan Kano a 1996 dole ya yi tambaya. Amma wannan tun 2006 ake yin ta a duniya, mu kuma a 2020 kaɗai mata kusan 8,000 ciwon ya kashe a Najeriya.

Inda suka gaza, layi. Sun haɗa mu da masu awo da masu rigakafin jarirai, benci bai isa ba, ga zafi, ba wanda zai ce miki ga inda za ki tsaya. Kuma ba su ce wa iyaye mata komai kan gwajin bakin mahaifa ba sai da na tambaya, alhali mu manya shi ne namu.

Ku je da sassafe, yarinya ta karya tukuna. Tawa hannunta ya ɗan yi tsami, washegari ta tafi Islamiyya. A adana katin.