Na ci abinci a The Clink, a cikin gidan yarin Brixton

Jama'a duk wanda ke zaune a Landan ko yake da shirin zuwa, akwai wani wajen cin abinci da nake so ku sani, sunansa The Clink, kuma a cikin gidan yarin Brixton yake, cikin katangar fa ba wai a gefen titi ba. Masu girkin fursunoni ne, masu kawo maka abinci kan tebur fursunoni ne, har masu wanke-wanke, kuma wallahi abincin ya yi daɗi, daɗin da ko a waje ka same shi ba za ka yi ƙorafin kuɗinka ba. Na fara da wannan ne saboda mutane da yawa suna ɗauka tausayi ake zuwa ci, to ba haka bane.

Ba waje bane da za ka faɗa kawai don yunwa ta kama ka. Sai ka yi bukin, wato ka kama waje, ta intanet tun da kwanaki, ka ba da cikakken sunanka da na duk wanda zai raka ka a tantance ku, ranar zuwa kuma ka riƙo fasfo ko lasisin tuƙi, kuma wanda bai kai shekara 18 ba baya shiga. Waya kam a loka za ka bar ta, a caje ka kamar a filin jirgi, sannan gandiroba ya shige gaba da makullai, ya buɗe wannan ƙofa ya rufe ta kafin ya buɗe ta gaba. Gaskiya ƙarar rufe ƙofar nan ta taɓa min zuciya, domin kai ka san bayan awa biyu za a buɗe maka, wanda zai zuba maka ruwa a kofi kuma ɗakinsa zai koma a kulle shi.

Wajen cin abincin tsohon gidan shugaban gidan yarin ne aka gyara, tsaf-tsaf, teburan da kujerun ma fursunoni ne suka ƙera su a gidan yarin Frankland. Cokula da wuƙaƙe na roba ne saboda tsaro, giya babu ita kwata-kwata. Ni kifi na yi oda, ya zo da dankali da ganyayyaki, fatar ta soyu ƙarau cikin kuma da laushi bai bushe ba, miyar da aka zuba a gefe gishirinta daidai, an jera komai a faranti da tsari irin na manyan otal. Kayan zaƙin da aka kawo daga baya ma babu laifi ko kaɗan. Jerin abincin yana canzawa da yanayin shekara, don haka ba lallai ka tarar da abin da na ci ba.

Amma abin da yafi tsaya min a rai saurayin da ya yi mana sabis ne. Da ya zo ajiye farantin na lura hannunsa na ɗan rawa, sai da ya juya shi a hankali kifin ya fuskance ni sannan ya ja da baya ya yi bayanin abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya duba takarda ba, can gefe kuma mai koyar da su na tsaye yana kallonsa. Mun ɗan taɓa hira, yace min watanni suka rage masa ya fita kuma satifiket ɗin da yake nema a nan shine na farko a rayuwarsa. Ban tambaye shi laifin da ya kawo shi ba, kuma don Allah in kun je kar ku tambaya, kotu ta riga ta yi nata, shi aiki yake yi.

Wani mai suna Alberto Crisci ne ya faro abin a 2009 a gidan yarin High Down inda yake shugaban kicin a lokacin, na Brixton kuma a 2014 aka buɗe shi. Ana ɗaukar waɗanda suka kusa gama wa'adinsu, su yi aikin kusan awa 40 a sati kamar kowane ma'aikaci, su fita da satifiket na hukumar ba da shaidar sana'a ta City & Guilds wanda otal-otal suka sani suke karɓa. Ni a ganina ma ba girkin ne babban abin ba, abin da ake yi bayan fita ne, domin ranar da za a saki mutum akwai wanda zai tarbe shi a bakin get, a taimaka masa da neman wajen kwana da aiki, a ci gaba da bibiyarsa har shekara guda. Wanda bai sani ba zai ga kamar ƙaramin abu ne, amma ku tuna shekara da shekaru fam 46 kacal ake miƙa wa fursuna ranar fita a Ingila, sai a 2021 aka mai da shi fam 76, to mutum ba gida ba aiki iyali sun juya baya, kwana nawa wannan zai kai shi kafin ya koma wajen abokan da suka kai shi ciki? A binciken da ma'aikatar shari'a ta fitar a 2019, cikin mutum 100 da suka bi ta shirin The Clink kusan 15 ne suka sake aikata laifi cikin shekara guda, irinsu da basu bi ta shirin ba kuma kusan 22.

Wannan Brixton ɗin fa shine a 1821 aka kafa wa fursunoni wata ƙatuwar na'ura da suke takawa da ƙafa wuni guda tana juyawa tana niƙa hatsi, wahala zalla. Yau a cikin katangar ake koya wa mutum sana'ar da zai ci da kansa.

Sai dai kar daɗin abincin ya rufe mana ido. Waɗanda suke samun wannan dama 'yan kaɗan ne ƙwarai. A watan Satumba na 2024 fursunoni a Ingila da Wales sun haura dubu 88, gidajen yari suka cika maƙil har sai da gwamnati ta fara sakin wasu bayan sun yi kashi 40 na wa'adinsu maimakon rabi, ana cusa mutum biyu a ɗakin da aka gina don mutum ɗaya da masai a ciki, kuma babban sufeton gidajen yari Charlie Taylor ya sha faɗa a rahotanninsa cewa da yawa ana kulle su har awa 22 a rana ba karatu ba aiki. Mutumin da aka ajiye haka shekara biyu ko uku cikin waɗanda suka fi shi gogewa a laifi, me ake tsammani? zama da maɗaukin kanwa ai shi ke kawo farin kai. Abin yana ci min rai sosai, tunda ga hanya an gwada an ga tana aiki, kuma kusan duk wanda ke ciki wata rana zai fito ya zauna cikin mutane.

Don haka ni dai ina ba da shawarar a je, musamman masu gidajen abinci da otal da ke neman ma'aikata, ku je ku ga aikin yaran nan da idonku kafin ku yi watsi da takardar mutum don kun ga ya taɓa zaman gidan yari. Ku duba ranakun da suke buɗewa a shafinsu kafin ku sa rana, sunan da kuka rubuta wajen bukin ya zama daidai da na jikin fasfo, kuma ku isa da wuri saboda cajin bakin get yana ɗaukar lokaci.