GARGAƊI ga masu yin kek a Jos: matar nan mai sayar da gwangwanayen gasa kek a Instagram 'yar damfara ce

Assalamu alaikum 'yan uwa masu sana'ar kek. Wallahi hannuna rawa yake ina rubuta wannan, ₦68,000 matar nan ta cinye min, da kuɗin mota ₦7,500 ya zama ₦75,500, kuɗin da na tara daga odar mutane ba wai tsinta na yi ba.

Ba zan sa sunanta yanzu ba sai na gama haɗa sikirinshot, amma duk wadda take bin shafukan kayan kek ta san irinta, hotunan gwangwani mai siffar zuciya, mai siffar mota, na teddi, na siket ɗin 'yar tsana, da na lambobi daga 0 zuwa 9. Na lambobin nan ne suka ja ni. Duk mai karɓar odar bazday na yara ta san wahalar yanka kek da wuƙa don ki fitar da 5 ko 8, rabi ya tafi a ɓarɓashi, ga tsadar fulawa da ƙwai da bota. Na zagaya Terminus da Ahmadu Bello Way ban samu saiti cikakke ba, sai mai zagaye da mai kusurwa huɗu.

Kuma kar wata ta zo min da "ai da kin bincika". Na bincika! Ni ba yau na fara sayayya a intanet ba. Na ce ta turo bidiyo ta turo, tana riƙe da gwangwanin tana ƙwanƙwasa shi da cokali wai in ji kaurin alminiyon. Sai ta biyo da saƙon murya, wannan saƙon shi ne har yanzu yake min yawo a kai. Ta yi sallama, ta ce "Hajiya ni ma mai gasa kek ce, ba zan ba ki abin da zai kunyata ki ba", ta ce in shafa bota da burushi har cikin lungun kunnen teddin sannan in barbaɗa fulawa in kakkaɓe, kar kwaɓin ya wuce kashi biyu cikin uku, in bar shi ya huce kamar minti 10 kafin in kife. Har cewa ta yi tunda Jos kan tudu take kek yana saurin tashi ya faɗa, in ɗan rage bekin foda. Kuma gaskiya ne, garin nan ya kai mita 1,200 sama da teku, duk mai gasa kek a nan ta san haka. To ku gaya min wa zai ji wannan bayanin ya ce ɓarauniya ce? Na sake sauraron saƙon jiya da dare, "ba zan ba ki abin da zai kunyata ki ba", da muryar nan tata mai sanyi. Innalillahi.

Sunan akawun ɗin na namiji ne, eh na gani, na tambaya ta ce na maigidanta ne. Mata nawa ne a cikinmu suke karɓar kuɗi ta akawun ɗin miji? Sai na tura ₦68,000 ta ce alat ya shigo, Allah ya sa albarka.

Af na tsallake, kafin nan sai da ta ce kaya suna Legas saiti biyu suka rage, wata daga Bukuru tana son ɗaya in ban biya yau ba shikenan. Kuma a lokacin na riga na karɓi odar wata baiwar Allah, ɗanta zai cika shekara 5, na ce mata kek mai lamba 5 zan yi mata da mota a gefe, har na nuna mata hoton gwangwanin. Hoton ɓarauniya na nuna wa kwastomata.

Daga nan aka shiga yau da gobe. Mota ta lalace a Lokoja, direba ba shi da caji, sai wani ya kira wai shi ne direban in tura ₦7,500 ko ya wuce da kayan Bauchi. Na tura. Da na je tasha na karɓa wata 'yar leda ce aka naɗe da salatif, ko nauyi babu. Ciki gwangwani biyu na zuciya, sirara, da yatsa kike lanƙwasa su, sai wani na roba wai silikon. Na murɗa shi wurin ya yi fari tas, kuma an ce silikon na ƙwarai ba ya canza launi in an murɗa. Babu lamba ko ɗaya, babu mota, babu teddi. Na ₦68,000 kenan.

Duk da haka na gwada na zuciyar a obin a zafin digiri 170, gefe ya ƙone tsakiya ɗanye, na robar kuwa warin taya ya cika min kicin, ban bari yara sun taɓa ba na zubar. Kek ɗin yaron nan da wuƙa na yanka shi cikin dare ina hawaye, motar kuma na mayar wa uwar da kuɗinta, kunyar da na ji a gaban uwar yaron ta fi min zafin kuɗin.

Na yi mata magana ta ce kuskuren masu ɗaure kaya ne za ta gyara, washegari ta yi bulokin ɗina a WhatsApp da Instagram duka, layin direban a kashe. Wata ƙawata ta duba da wayarta shafin yana nan, an canza suna kawai, an kulle wurin sharhi. Bidiyon cokalin ma ashe na wani shafi ne ta sata.

Na kai ƙorafi banki, zan je wurin 'yan sanda kuma, rasit da hirarmu duk suna nan zan sa su anjima har da muryar. Kar ku biya sai kaya a hannu, ku ce a yi kiran bidiyo kai tsaye a nuna muku. Duk wadda ta taɓa tura wa matar nan kuɗi ta yi min magana ta inbos mu haɗu mu kai ƙara tare, don ₦75,500 ɗina ban yafe ba, wallahi ban yafe ba.