Kafin ka cika kuɗin sabon shafi a ɗora: me za ka zaɓa don kada Google ya manta da kai

Idan mai zana maka shafi ya turo saƙo cewa aiki ya kammala, saura ka cika kuɗi a ɗora, dan Allah kada ka yi saurin tura masa alat. Ka fara da tambaya ɗaya tak: tsofaffin linkunan shafin fa, ina za su je? In ya ce maka ai Google da kansa zai gane, toh ka riƙe ragowar kuɗinka tukuna, don a nan ne yawancin mutane suke kwana ciki, shafi ya yi kyau kamar me, kala ta zauna, hotuna sun fito, amma bayan sati biyu masu shigowa sun ragu, waya ta daina ƙara, kuma babu wanda ya san dalili.

Dalilin kuwa ba boyayye ba ne. Google ba sunan kamfaninka ya haddace ba, adireshin kowane feji ya riƙe ɗaya bayan ɗaya. In a da fejin atamfofinka yana ƙarewa da atamfa.html yanzu kuma an mayar da shi /shop/atamfa/, a wajen Google wancan ya mutu, wannan kuma baƙo ne. Duk wanda ya danna tsohon, ko a sakamakon bincike ko a wani tsohon fostin na Facebook ko a guruf ɗin WhatsApp, 404 zai gani, wato saƙon cewa babu wannan fejin. Kamar mai shago ne a Kantin Kwari ya tashi ya koma wani layi bai bar ko takarda a ƙofa ba, bai kuma faɗa wa maƙwabta ba. Maganin shi ne abin da ake kira 301, wato umarnin da ake sa wa saba (kwamfutar da shafin yake zaune a kanta) cewa duk mai neman tsohon adireshi a wuce da shi sabon kai tsaye, kuma a shaida wa Google cewa ƙaurar ta dindindin ce. Google da kansa ya ba da shawarar a bar 301 ɗin aƙalla shekara ɗaya. Duk zaɓin da zan kawo a ƙasa, da wannan ma'aunin nake auna shi, wanne ne zai sauƙaƙa maka ƙaurar nan, wanne ne zai wahalar da kai.

Na farko, a kan me za a ɗora shafin. In dama kana kan WordPress, ni dai shawarata ka zauna a wajen, a canza fuska kawai a bar adireshin yadda suke, shikenan ka huta da rabin wahalar. Sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke, ma'ana ko kun ɓata da mai yi maka aiki za ka samu wani da ya iya. Sai dai ka bambance WordPress ɗin da kake ɗorawa a hostin ɗinka (wajen da kake haya don ajiye shafin a intanet) da kuma WordPress.com, shi na biyun tsarinsa na kyauta ba ya barinka ka sa filogin, wato 'yar manhajar da ake ƙara wa shafi don wani aiki. Wix kuma yana da sauƙi wallahi, kana jan abu kana ajiyewa, yana da wajen sa 301 a cikinsa, amma duk ranar da ka ce za ka tashi ba za ka iya kwashe shafin ka kai wani hostin ba, sabon gini za a yi. Shopify na masu sayar da kaya ne sosai, yana karɓar jerin 301 ta fayil ɗin CSV (jeri irin na Excel) gaba ɗaya, wanda abu ne mai kyau, amma shi yake tsara maka adireshi, dole kaya su zauna ƙarƙashin /products/, rukuni ƙarƙashin /collections/, ba ka da ta cewa, don haka in daga WooCommerce, wato shagon da ake ɗorawa a kan WordPress, kake tahowa kusan kowane linki sai ya canza. Ga biya da dala duk wata, kuma kowa ya san katin naira ba kullum yake wucewa ba. Paystack da Flutterwave dai suna aiki da WooCommerce, in a Najeriya kake karɓar kuɗi.

'Yan Blogger kuwa, musamman masu shafukan labarai da na littattafan Hausa, taku ta fi ta kowa. Blogger yana rubuta adireshi da shekara da wata sannan .html a ƙarshe, kuma yana datse dogon take, ya yanke shi a tsakiya. Ana iya saita WordPress ya kwaikwayi tsarin shekara da wata da .html ɗin, amma shi ba ya datsewa irin na Blogger, sai ka ga gajerun taken sun dace, dogayen duk sun kauce. Ga kuma ?m=1 ɗin nan da Blogger yake liƙa wa masu shigowa ta waya, wanda da shi mutane suka yi ta raba linkunan shekara da shekaru. In wanda zai yi maka ƙaurar bai taɓa jin labarin waɗannan biyun ba, bai taɓa fitar da kowa daga Blogger ba, ko me ya faɗa maka.

Maganar domen, wato sunan adireshin shafinka, gajeriya ce: in ba dole ba kar ka canza. In dolen ce, misali daga .com.ng za ka koma .com ko .ng, akwai wajen shaida wa Google canjin adireshi a cikin Search Console, kayan aikin Google na masu shafi, a yi amfani da shi tare da 301, kuma ka ci gaba da biyan kuɗin tsohon domen ɗin, kar ka bari ya mutu wani ya saye. Wata ƙungiya mai suna NiRA ce ke kula da .ng, ta hannun dillalanta ake saye, kuma .com.ng ya fi .ng zalla araha. Abin da ya fi komai, a yi rajistar da sunanka da imel ɗinka, ba na mai zanen ba. Ranar da aka samu saɓani za ka gane dalili.

Hostin kuma, na gida ko na waje? Na gida kana biya da naira ta tiransifa, in matsala ta taso akwai wanda za ka kira. Na waje sau da yawa kayan aikinsu sun fi yawa, amma farashin da suke tallatawa na shekarar farko ne, ranar sabuntawa sai ka ga ya ninka, don haka kuɗin sabuntawa za ka duba ba na talla ba. Kowanne ka ɗauka, ka tabbata yana ba da wajen gwaji da za a gina sabon shafin ba tare da an taɓa mai rai ba, yana ajiye kwafi kullum, kuma SSL, wato makullin tsaro na https, kyauta ne. Kar wani ya caje ka kuɗi mai yawa kan makullin nan na https, Let's Encrypt kyauta take bayarwa, kuma tun 2018 Chrome yake rubuta wa shafin da ba shi da shi cewa ba amintacce ba ne. In sabarka tana Turai ko Amurka alhali masu karatunka suna Kano da Maraɗi, ka ɗora Cloudflare a gaba don ya riƙa kawo musu shafin daga kusa, tsarinsu na kyauta ya isa, kuma suna da cibiya a Legas.

Sai filogin na SEO, wato gyaran shafi don ya fito a binciken Google, inda ake ta musu kamar na ƙwallo. Yoast tsohon hannu ne, ɗan Holan, ga sauƙin fahimta, amma wajen sarrafa 301 sai a na kuɗin. Rank Math shi a kyauta ya ba ka 301 ɗin da kuma mai lura da 404, sai dai saitinsa ya yi yawa, sabon shiga yana iya kunna abin da bai san aikinsa ba. Akwai kuma wani da ake kira Redirection, kyauta ne, aikinsa ke nan kawai, yana karɓar CSV yana kuma rubuta maka duk 404 da aka ci karo da shi. Ni a ganina in kana da Yoast na kyauta ka bar shi ka ƙara Redirection, in sabon farawa ne ka ɗauki Rank Math, amma kar ka haɗa Yoast da Rank Math a shafi ɗaya, kuma kar ka canza daga wannan zuwa wancan a ranar buɗewa, in abu ya lalace ba za ka san wanne ne ya jawo ba. Koren ɗigon nan da suke nuna maka alamar rubutunka ya yi kuma kar ya ɗauke maka hankali, Google ba ya ganinsa, balle ma in da Hausa kake rubutu ma'aunin nasu ba don ita aka yi shi ba.

Tunda an zo maganar Hausa, a adireshin feji ka rubuta k da d da b zalla, ka bar masu lanƙwasa a cikin take da rubutu. Idan ƙ ta shiga linki, wajen kwafa sai ta rikiɗe ta zama wasu alamomin % da lambobi, linkin ya yi tsawo ya yi muni a WhatsApp. In shafin harshe biyu ne, Hausa da Turanci, kowanne ya samu adireshinsa daban a kuma sa alamar hreflang mai shaida wa Google harshen feji, ha da en. Filogin ne ke yin wannan: Polylang yana da na kyauta, WPML na kuɗi ne.

Kayan bincike fa, sai an saya? Ga ƙaramin shafi a'a. Search Console kyauta ne, yana riƙe bayanan wata 16, ka shiga tun kafin a taɓa komai ka sauke jerin fejin da suka fi kawo maka mutane, waɗannan su ne dukiyarka, su za a fara yi wa 301. Screaming Frog manhaja ce ta kwamfuta da take bin shafi lungu-lungu tana fito da duk adireshin da ke ciki, kyauta har 500, amma ka sani hotuna da sauran fayiloli ma suna cikin lissafin, don haka yana cika da wuri. A bi tsohon shafin da ita kafin a sauke shi, a ajiye jerin, bayan an ɗora sabo a sake zuba mata jerin nan a ga wanne ya ba da 301 wanne ya ba da 404. Ahrefs suna da sashen kyauta ga wanda ya tabbatar shafin nasa ne. Semrush kuwa babban tsarinsu ya haura dala 100 a wata, kayan aiki ne na gaske amma na masu riƙe da shafukan mutane da yawa ne, mai shago ɗaya ko makaranta ɗaya asarar kuɗi zai yi. Bing Webmaster Tools ma kyauta ne, yana janyo bayananka daga Search Console cikin minti kaɗan, ba laifi ka yi.

Wajen sauri, PageSpeed Insights za ka buɗe, ka duba sakamakon waya ba na kwamfuta ba, don sigar waya Google yake dubawa yanzu. Abin da suke so babban abin da ke fejin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5, shafin ya amsa taɓi cikin milisakan 200, kuma kar rubutu ya riƙa tsalle ana cikin karatu. Masu zane suna son ɗora bidiyo ko manyan hotuna masu juyawa a saman fejin farko, a laftof ɗinsu da wayfay lafiya lau, amma ka gwada da ƙaramar Tecno ko itel da datar MTN a unguwar da sabis ke rawa, nan za ka ga gaskiya. A mayar da hotuna WebP, WordPress yana karɓarsa tun 2021.

Toh wa zai yi duk wannan, mai zanen, ko a ɗauko ɗan SEO daban, ko kai da kanka? Shafi mai feji 20 ko 30, kai da mai zanen kun isa, zama ɗaya ne da Excel, tsohon adireshi a hagu sabo a dama. In fejin sun kai ɗaruruwa, ko kuma abincinka daga Google yake zuwa, ka biya wanda ya san ƙaura, kuma ya shigo tun ana gini ba bayan an ɗora ba. Gane na ƙwarai ba wuya: zai nemi ka ba shi damar shiga Search Console kafin ya faɗi farashi, kuma ba zai yarda a tattara duk tsofaffin linkuna a jefa su fejin farko ba, don Google yakan ɗauki irin wannan kamar 404 ne. Wanda ya ce zai kai ka lamba ɗaya cikin sati biyu, ko zai sayo maka linkuna dubu, ko yake ta maganar cika meta keywords, wato jerin kalmomin da ake ɓoyewa a bayan feji, abin da Google ya ce tun 2009 ba ya amfani da shi, ka yi masa godiya ka wuce.

Ranar ɗorawa kuma, kafin ka cika kuɗin, ku shiga WordPress tare, Settings sannan Reading, akwai wani ɗan akwati da ake dannawa lokacin gini don hana injinan bincike shigowa. A cire alamar. Akwatin bai kai ƙwayar wake ba a fuskar kwamfuta amma in an manta da shi a hankali shafin gaba ɗaya zai ɓace daga Google. A buɗe robots.txt, fayil ɗin da ke faɗa wa injinan bincike inda ba za su shiga ba, a ga ba a rufe komai da komai ba, a tura sabon sitemap, wato jerin adireshin shafin, a Search Console, a tabbata lambar Analytics mai ƙirga masu shigowa ta biyo sabon zanen don sau da yawa a tsohon take maƙale. In an canza hostin, ka aika wa kanka saƙo ta imel ɗin kamfani ka ga ya iso, ana yawan mantawa da saitin MX mai nuna inda imel zai sauka a kwana biyu ana asarar saƙonni. Ka cike fom ɗin tuntuɓa da hannunka, ka danna maɓallin WhatsApp, ka sayi abu mafi araha a shagon ka ga kuɗin ya faɗo.

Kar a ɗora ranar Juma'a da yamma ko jajibirin sallah, lokacin da babu mai ɗaga waya. Talata da safe ya fi. Makonnin farko za ka ga lambobin suna hawa suna sauka, wannan ba abin tashin hankali ba ne, amma ka riƙa leƙa rahoton 404 kullum kana toshe waɗanda suka ɓullo. Ku rubuta a yarjejeniya tun farko cewa wani kaso na kuɗin sai bayan wata ɗaya da ɗorawa, kuma kwafin tsohon shafin ya zauna a hannunka, ba a laftof ɗin mai zane kaɗai ba.