Bangon faifan Fela na Lemi Ghariokwu: abin da na gani da na riƙe su a hannu

Faifan garmaho huɗu na saya, dukkansu na mawaƙin nan na Legas, Fela Anikulapo Kuti, sabon bugu irin wanda ake sake fitarwa yanzu a Turai da Amurka: Alagbon Close, Zombie, Yellow Fever da Beasts of No Nation. Ba don kiɗan na saye su ba, kiɗan yana cikin wayata tun tuni. Bangon nake so. Sana'ata haɗa fasta da bangon waƙoƙi a kwamfuta a nan Kano, kuma duk wanda ya daɗe a wannan sana'a a Najeriya sai ya ci karo da sunan Lemi Ghariokwu, mutumin da ya zana wa Fela bango 26. Na sha ganin zanen nasa a intanet, ɗan ƙarami kamar kwalin ashana, sai na ƙudura cewa sai na gan shi a girman da mai shi ya yi shi. To gani ya kori ji. Kuɗin da na kashe ya yi mini nauyi ƙwarai, amma ban yi nadama ba, ko da yake akwai abubuwan da zan yi ƙorafi a kansu.

Bari in fara da kayan kansu. Faifan inci 12 ne, bangon kuma kwali ne mai kusurwa huɗu, kowane gefe kimanin santimita 31. Kwalin yana da kauri, ba ya lanƙwashewa in ka riƙe shi ta gefe ɗaya, fuskarsa kuma ba ta da wannan sheƙin leda mai kashe ido da muke yawan sa wa fastocinmu. Ja da rawaya sun fito ras. Inda na ga rauni shi ne wuraren da launi ya yi duhu: a idona na mai aikin ɗab'i, baƙi da shuɗi mai duhu sun ɗan cuɗe a wasu kusurwoyi, ƙananan layukan alƙalami suka nutse a ciki. A baya kuma an ƙara tambarin sabon kamfani da layukan nan na farashi da na'ura ke karantawa, abin da ba ya cikin zanen Lemi na asali. Ba su ɓata aikin ba, amma ido yana tuntuɓe da su.

Babban ƙorafina yana kan wanda ya sayar mini, wani ɗan kasuwa a Legas da muka yi ciniki ta waya. Ya naɗe faifan a leda da salatif kawai ya ba direba a tasha. Zombie ya iso da kusurwa ɗaya a murƙushe, farin kwalin ya leƙo ta cikin launin. Da na yi masa magana sai ya ce ai faifan da ke ciki lafiya lau yake. Bai fahimci cewa ni bangon na biya ba.

Wanda bai san Lemi ba, ga shi a taƙaice. An haife shi a Agege ta Legas a Disamban 1955, sunan da iyayensa suka raɗa masa Emmanuel Sunday. Bai yi makarantar koyon zane ba, da kansa ya koya, yana zana hotunan mutane ana biyansa. A 1974, yana ɗan shekara 18, wani ɗan jarida mai suna Babatunde Harrison ya ga aikinsa, ya sa shi ya zana hoton Fela, ya kai shi har gidan. Lemi ya sha ba da labarin cewa Fela ya miƙa masa naira 120, ninki huɗu na abin da yake karɓa a hoto ɗaya, shi kuma ya ƙi karɓa, ya ce kyauta ya kawo. Sai Fela ya rubuta masa takardar izinin shiga gidansa na Kalakuta a duk lokacin da ya ga dama. Wannan takarda ita ce sirrin duk abin da nake gani a bangon nan huɗu. Yaron ya zama ɗan gida. Yana zaune ake ƙirƙirar waƙa, yana jin ta a wurin gwaji, yana jin hirar da ta haife ta, ya ga duka da kamun da aka sha, sannan ya koma ya ɗauki buroshi.

Alagbon Close, na 1974, shi ne bangonsa na farko ga Fela, kuma shi na fi daɗewa ina kallo. Alagbon wani layi ne a Ikoyi inda ofishin 'yan sandan binciken manyan laifuka yake, inda aka tsare Fela a wannan shekarar. Mai zane na yau da kullum da hoton Fela zai sa a bayan ƙarafunan kurkuku ya huta. Lemi bai yi haka ba. Ya sa gidan Kalakuta a gefe ɗaya tsaye daram, ya sa gidan tsaron a ɗaya gefen wuta na cin sa, sarƙa ta tsinke a tsakani, Fela a sama yana rawar nasara. A ƙasa kuma ga jirgin ruwan sintiri na 'yan sanda, wani ƙaton kifin teku ya taso ya kifar da shi. A waya ban taɓa lura da yadda jirgin ya karkata ba, ban kuma ga cewa idon mai kallo yana bin sarƙar ne daga wannan gefe zuwa wancan ba. Sai da na ajiye kwalin a kan tebur na sunkuya. Ana ganin hannun yaro a ciki, wasu gaɓoɓin jiki ba su daidaita sosai ba, amma tunanin na babba ne. An kama mutum an wulaƙanta shi, mai zanen ya mayar da labarin ya zama na wanda ya yi galaba, kuma duk wanda ya ɗauki faifan a shago ya gane haka tun kafin allura ta taɓa shi.

Zombie, na 1976, wani salo ne daban, kuma shi ya fi kusa da aikin da nake yi kullum. Ba fenti ba ne zalla, hotuna ne aka yanka aka jera. Mai ɗaukar hoto Tunde Kuboye ne ya ɗauko hotunan sojoji a faretin ranar 'yancin kai a dandalin Tafawa Balewa da ke Legas, Lemi ya yanke su ya shirya su a kan kwali tare da hoton Fela. Abin da mu yau muke yi da linzamin kwamfuta a cikin minti kaɗan, shi da almakashi da gam ya yi shi, kuma a wannan girman kana iya bin bakin yankan da ido. Hulunan kwano, fuskoki a ɗaure, babu wanda za ka ce ga sunansa, sai mutum ɗaya tal mai launi da motsi a tsakaninsu. Waƙar tana zargin soja da bin umarni ba tare da tunani ba, bangon kuma ya faɗi wannan magana ba tare da dogon rubutu ba. Ba wasa ba ne riƙe wannan kwali in ka san abin da ya biyo baya: ranar 18 ga Fabrairun 1977, zamanin mulkin Janar Obasanjo, sojoji kusan 1,000 suka far wa Kalakuta suka ƙona shi, aka jefo mahaifiyar Fela, Funmilayo Ransome-Kuti, ta taga, ta rasu a shekarar da ta biyo.

Bayan wannan ƙonawa ne aka samu saɓani tsakanin mutanen biyu. Lemi ya zana bangon Sorrow Tears and Blood, Fela ya ƙi shi, aka fitar da faifan da hotonsa ƙafa a ɗaure cikin filasta. Lemi ya ji ciwo, ya janye jikinsa na kimanin shekara 8. Ina ganin girmansa a nan. Bai zauna yana lallashi don kada tuwo ya kuɓuce ba, ya tafi ya ci gaba da sana'arsa. Ya yi shekaru yana yi wa kamfanin faifai na Polygram aiki a Najeriya, kuma bangon da ya zana a rayuwarsa sun haura 2,000, har zuwa na 'yan baya irin su Seun, ɗan Fela, da kuma na mawaƙi Falz a 2019.

Yellow Fever kuwa dole in yi wa masu karatu gargaɗi a kansa. Maganar da ke ciki tamu ce har gobe: shafe-shafen man bilicin. Tun 1976 Lemi ya zana mace da fuska ta yi jawur, jiki dabbare-dabbare, wani wuri fari wani wuri baƙi, ga man shafawar a gefe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a layin masu kayan kwalliya a kasuwanninmu ya san wannan fata, ya san baƙin da ke maƙalewa a gaɓoɓin yatsu. Amma matar tsirara ya zana ta. Ba bangon da za ka rataye a falo ko a shago inda yara da surukai ke shiga ba ne, ni nawa a cikin durowa yake. Kuma ko ta fuskar aiki, a ganina ya wuce gona da iri: ya ɗora wa macen dukkan kunyar, bai nuna namijin da ke yaba farar fata ba, bai nuna ɗan kasuwar da ke cin riba ba. Da ya tsaya a fuska da hannu kawai, da saƙon ya isa gidajen da wannan bai isa ba.

Na ƙarshe, Beasts of No Nation na 1989, bayan Lemi da Fela sun shirya ne. Fela ya fito daga kurkuku a Afrilun 1986, bayan kusan wata 20 a tsare kan tuhumar fita da kuɗin ƙasashen waje a zamanin mulkin soja na Janar Buhari, har gidan yarin Maiduguri aka kai shi. A nan hannun Lemi ya nuna sosai. Ga Margaret Thatcher ta Ingila, ga Ronald Reagan na Amurka, ga P. W. Botha na Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata, ga Mobutu na Zayar, an yi musu ƙahoni da fiƙoƙi, jini na ɗiga. Ga ɓeraye a matsayin wakilan taron duniya, ga masu zanga-zanga da kwalayensu, ga Fela ya ɗaga dunƙulallen hannu. Ya cika maƙil, har ya kusa yin yawa, ido ba ya samun wurin hutawa. Da ni ne da na rage mutum biyu ko uku. Amma wannan cikar ce ta sa ake karanta shi kamar shafin jarida: yau ka ga wannan kusurwa, gobe ka gano wata. A waya, ƙura ce kawai mai launi.

Ba na tare da Fela a yawancin yadda ya tafiyar da rayuwarsa, kuma na san da yawa daga cikin masu karanta wannan haka suke. Amma akwai abu ɗaya da ya yi wanda nake fata mawaƙanmu su duba. Ban da wancan saɓani, ya sakar wa mai zanensa mara. Ya bar shi ya saurari waƙa ya fassara ta yadda ya fahimta, har ya bar shi ya sa nasa bayanin da sunansa a jikin bango. Shi ya sa yau, shekaru bayan rasuwar Fela a Agustan 1997, ake gayyatar Lemi ƙasashe ana baje kolin aikinsa da sunansa.

Mu fa? Mawaƙi zai turo maka hotonsa ta WhatsApp da daddare, ya ce Malam a sa ni a gaban mota, a ƙara mini haske a fuska, a rubuta sunana da ruwan gwal, gobe da safe nake so. Ka ce ya turo waƙar ka ji, sai ya ce ba a gama haɗa ta ba, ko kuma yana tsoron kada ta fita. Ta yaya za ka zana abin da ba ka ji ba? Shi ya sa bangon waƙar soyayya da na waƙar siyasa da na waƙar biki duk fuska ɗaya gare su. Laifin ba na mawaƙa kaɗai ba ne, mu ma masu zanen mun saba da sauri da araha. Alhali waƙar Hausa cike take da hotuna. Wanda ya saurari yadda makaɗan fada ke siffanta sarki da giwa ko da hadari, ko yadda makaɗan noma ke zuga manomi a gona, ya san akwai abin zanawa da ya fi mota da agogo. Tun da faifan nan suka zo na sa wa kaina doka a shago: ba na taɓa bangon waƙa sai na ji ta daga farko har ƙarshe. Wasu sun yi fushi sun tafi wurin wani. Wani matashi kuma ya zauna muka saurari tasa tare, waƙa ce a kan ɗan ci-rani, muka ƙare da zanen buhu ɗaure da igiya a kan rufin mota, babu fuskarsa ko kaɗan a gaba.

Ga wanda yake son saya: in kiɗa kawai kake so, kada ka wahalar da aljihunka, domin sai ka nemi na'urar juya faifai da allurarta, kuma ba ko'ina ake samunsu ba. In kuwa kai mai zane ne, ko ɗalibin zane, ko mai madaba'a, fara da Alagbon Close ko Zombie. Ka tambayi mai sayarwa ko sabon bugu ne ko tsohon asali, domin farashinsu ba ɗaya ba ne, kuma tsohon yakan zo da cin gara ko tabon ruwa. Ka sa ya ɗauko maka hoton kusurwoyi huɗu da bayan bangon kafin ka tura kuɗi, ka kuma dage ya sa shi tsakanin kwalaye biyu masu tauri kafin ya kai tasha. In ya iso, a tsaye ake jera faifai, ba a kwance a ɗora wani kan wani ba, kuma nesa da taga, don zafinmu yana lanƙwasa faifan, rana kuma jan launin bango take fara cinyewa. In za ka sa bangon a firam, ka hana mai firam ɗin shafa masa gam a baya, ya riƙe shi da 'yan kusurwoyin takarda kawai.